Ba'aden ɗin da ya kusa cinye mini gashi

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko na koma Kano ne, ina nan unguwarmu Bani Malik a Jidda, ban je ko'ina ba. Ciwon kai na yi, amma ba irin wanda kuka sani ba, na fatar kai.

Ga waɗanda ba su san ni ba, kitso nake yi a gida, kuma kaina shi ne tallata. Mace in ta shigo, sai ta ƙare wa gashina kallo kafin ta zauna.

Maƙwabciyata Sajida 'yar Indiya ce, gashinta har ƙugu. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye ta sirrin. Ta kawo mini kwalbar man kwakwa da mahaifiyarta ta dafa da 'ya'yan wani itace da suke kira amla da wasu ganyayyakinsu, baƙi-baƙi, mai ƙamshin magani. Larabcina na cefane ne, nata ma bai fi nawa ba. Ta ce, "Ki shafa, ki murza, ba'aden ki wanke."

Ba'aden, wato daga baya.

To kun san mu da mai. A tsaga, a shafa, a kitse, a ɗaura ɗankwali, wankin kai sai ranar tsifa. A wurina ba'aden ɗin ke nan. Surukata Umma, haifaffiyar Jidda, ita ke yi mini kitso. Ta yi mini kalaba ƙanana, ni kuma kullum da safe in bi tsaga in tsiyaya man, in yafa tarha, wato gyale, in fita cikin gumin garin nan. Sati uku cur.

Da ƙaiƙayi ya fara, na ce magani ne ke aiki. Har nan na zo na yaba muku man, kuma wannan ya fi komai damuna.

Sai ƙuraje. Sai suka fara ruwa. Sai kaluluwa a bayan kunne, ga zazzaɓi. Duk da haka na ɓoye, don mai kitso da ƙurajen kai abin kunya ne.

Ranar tsifa Umma na sa kibiya, gashi na biyo ta. Na ji hannunta ya tsaya. Ta ce, "Ya binti, halas, ya isa haka. Ɗauko abayarki, yalla, asibiti."

Likitar fata ta duba da fitila, ta dangwali ruwan ƙurjin da auduga, aka ɗebi jini. Kwana uku muna jiran sakamako. Inshorar aikin maigida ta ɗauki ganin likita da ƙwayoyi, shamfu na magani mu muka saya, kuma ba arha.

Ta ce ƙwayoyin cuta ne suka samu mai da gumi da rufaffen kai, suka shiga tushen gashi. Na tambaye ta ko gashin zai sake fitowa. Ta ce, "Inda tushen ya mutu ba zai dawo ba. Sai mun ba shi wata uku mu gani."

Na ji tsoro ƙwarai. A mota na yi ta kuka har muka iso gida. Aka yanke sauran gashin don magani ya shiga. Na daina karɓar masu kitso, don ban san da wane ido zan kalle su ba.

Da Sajida ta zo dubiya, ta tambaye ni sau nawa nake wankewa. Na ce ai ban kai ga ba'aden ba, sai da na yi sati uku. Ta dafe ƙirji. Ta ce, "Ukhti, awa ɗaya. Mu awa ɗaya muke bari, mu shiga wanka." Ta fashe da kuka, ni kuwa dariya ta kama ni, ta farko tun da na kwanta. Ta kira mahaifiyarta a waya, tsohuwa ta yi mana faɗa mu biyu da yaren da ba na ji, amma na gane komai.

Kullum bayan karin kumallo Umma ta zaunar da ni bakin taga, ta sa tabarau ta duba. Sai ta shafa maganin ta ce in tashi. A sati na tara ta daɗe ba ta sake ni ba. Can ta ce, "Ga su nan, masha Allah. Kamar na jariri."

Yanzu ya fito, sai wuri ɗaya sama da kunnen hagu, kamar faɗin babban yatsa. Likita ta ce shi ke nan nasa. Na karɓa, kuma wallahi raina fari ƙal.

Na gode wa Allah. Na gode wa Umma, da maigida, da Sajida da ta yi ta aiko mini da miya mai yaji, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Wadda ta sayi irin man nan saboda maganata, ta yafe mini. Man ba shi da laifi, amma ba man kitso ba ne, shafawa ake yi a wanke. Ki fara gwada kaɗan a bayan kunne. In kanki na ƙaiƙayi ko ƙurji, ki tsefe, ki je asibiti, kar ki ƙara mai. In an ba ki abin wata ƙasa, ki tambaya har ki ji adadin awa.

Jiya Umma ta samu ta kama mini zane guda biyu, sakwa-sakwa, da izinin likita. Tana gamawa ta ce, "Yaushe za ki faɗa wa mutanenki na waya gaskiya?"

Na ce, "Ba'aden, Umma."

Ta ajiye kibiya ta ce, "A gidan nan an daina ba'aden. Faɗi ƙarfe nawa."

Na ce gobe ƙarfe goma. Ga shi goma saura kwata.