Sarki da Huɗu a Hannun Ba Kangwa

Shekara ashirin da bakwai Kangwa Kapambwe, wanda muke kira Ba Kangwa don girmamawa, ya yi a ramin tagulla a Kitwe, kuma aikinsa ɗaya ne. Bayan an fasa dutse shi ke fara shiga da dogon ƙarfe, yana ƙwanƙwasa rufin rami. In dutse ya amsa da kyau, a shiga. In ya ji ƙarar fanko, kowa ya koma baya, ko da shugaban aiki zai yi ta kumfar baki. Ba a taɓa fito da gawa daga inda ya ce a shiga ba.

Da ya yi ritaya, da kunnen nan ya zo teburin kartar foka da muke zama kowace Lahadi bayan coci, a gindin mangwaron gidansa, da jarkar munkoyo, kunun masara mai tsami, a gefe.

Sai ƙurar ramin ta kama huhunsa. Ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Amma abin da ya fi tarin ci masa rai shi ne mu. In ya zuba kuɗi, sai kowa ya zubar da kartarsa, mai kyau da maras kyau, don ya ci. Ya gane. Ya gaya wa matarsa cewa in aka sake yi masa haka ya bar teburin har abada, shi ba sadaka ya fito karɓa ba.

Lahadin da ta biyo aka raba masa sarki da huɗu. Aka buɗe uku a tsakiya: sarki, tara, biyu. Sarkinsa ya dace da babbar kartar tebur, sai dai huɗun nan raguwar 'yar rakiya ce. Duk mai sarki da abin da ya ɗara huɗu ya kayar da shi.

Saura shi da Jere, tsohon direban jirgin ƙasa, ɗan ƙabilar Ngoni, abokin wasansa. Jere ya ƙwanƙwasa tebur, wato ya wuce bai zuba komai ba. Kangwa ya sa kwacha ashirin, yana jiran a sake yi masa sadakar.

Jere ya turo tamanin.

Wani ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur, bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Ba Kangwa, mai cin biri, tari ba ya tsorata ni. Ka biyo ko ka kwanta."

Kangwa ya ji wani daɗi ya taso masa daga ƙirji. Ya so ya biya don murna kawai. Amma kunnensa ya riga ya ji ƙwanƙwasar: da yatsa ɗaya aka yi ta, a hankali. Jere kuwa in ba shi da komai, da dunƙule yake dukan tebur.

Ya buɗe sarkin kowa ya gani, ya ture shi gefe. "Rufin nan ba na shiga ba ne, mai cin ɓera. Kwashe ashirin ɗinka."

Jere ya juya kartarsa, tara ce guda biyu, ga ta uku a tebur, sun fi ƙarfin sarkin nesa ba kusa ba. Kangwa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kaɗa hannu a sake rabawa.

Ranar ya cinye nshimarsa, tuwon masara, tas. Lahadi bakwai ya ƙara yi da mu, ba wanda ya sake raga masa, kuma huɗu daga ciki shi ya tashi da kuɗinmu. Kujerarsa na nan a gindin mangwaron. Jere ne ke goge ta kafin mu zauna.