Ruwan Shuka da Jarrabawa

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ni da na tsaya a firamare, me zan ce a kan manyan makarantu? Amma shekaranjiya ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasa ya shigo mini har ɗaki, sai na zauna na fara rubutu.

Wannan ƙamshin ne ya raba ni da lakwal, wato makarantar boko. Muna yara a ƙauyenmu na Kurfai, da ruwan shuka ya sauka sai aji ya zama wayam. Shekarar da zan yi jarrabawar fita, kakana ya zo har bakin taga da sungumi a kafaɗa. Malaminmu ya fito yana roƙo: "Baba, jarrabawa ta matso, ku bar mini shi."

"Mushe, jarrabawa tana komowa baɗi," in ji kakana, don Mushe muke kiran malamin lakwal. "Laimar ga kau, jibi ta tahi."

Na bi shi gona. Yana sara, ina zuba iri ina rufewa da diddige. Hatsi ya yi kyau, ni kuwa na faɗi jarrabawar. Da shekara ta zagayo jarrabawar ta dawo, ruwan ma ya dawo.

Yanzu ɗana ne zai yi birbe, jarrabawar fita, a kwalejin garinmu. Duk shekara in sakamako ya fito, makarantun cikin Filinge suna gaba, namu na ƙauye suna baya. Sai a zauna a kasuwa ana cewa malamanmu ragwaye ne, ko yaranmu ba su da kai. Abin yana ba ni haushi! Ba mai faɗin cewa namu ba su cika aji sai hatsi ya shiga rumbu, kuma ruwan fari ya kwashe su, alhali ɗan mai shago a birni yana zaune yana bita.

Jiya da safe na ga yaron ya saɓa sungumi. Na daka masa tsawa ya wuce lakwal. Ya dubi gwiwata mai ciwo, ya ce, "Baba, to wa za ya shibka?"

Don Allah, in akwai wanda ya san kwalejin ƙauye, ko a Bonkuku ko a Damana ko ina ne, inda ƴaƴan manoma ke cin birbe gona kuma ba ta kwana ba, ya faɗa mini yadda suke yi. Ku hanzarta, hadari yana sake haɗuwa a gabas.