Wuri Marar Asali

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Mairo ta zo sashenmu ba. Lokacin ina ɗaliba a College Park, ina aikin wucin gadi a wani gidan tarihi a Washington, ɓangaren dodon koɗin teku. Aikina goge ɓawo da jera shi a durowa. Ƙa'idarmu, kamar yadda kuka sani, ba a karɓar ɓawo sai an san tekun da aka tsince shi.

Ɗan Hajiya, likita mazaunin Mitchellville, shi ya kawo ta. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wuri guda, irin farin nan da ake ɗinkawa a jikin ƙwarya. Na marigayiya mahaifiyarta ne. Jikoki sun ɓatar da sauran wajen wasa, shi ya sa take so mu ajiye mata wannan.

Shugabar sashe ta juya shi a tafin hannu, ta ce in gaya mata ba zai karɓu ba, tunda ba a san inda ya fito ba. Ni kuwa, kaina a ƙasa, na ce, "Hajiya, wai ba shi da asali."

"Ba shi da me? Ke 'yar nan, kayan uwata ne marar asali? A cikin ganuwar Zariya aka haife ta!"

Likita ya ce, "Mama, ba haka take nufi ba."

"Kai likita ne a asibiti, ba a nan ba. Yi min shiru."

Sai na nemi izini na kai ta ƙasa, ɗaki mai duhu-duhu inda muke kiwon masu rai a akwatin gilashi. Ga wuri mai rai, irin nata, yana jan ciki a kan dutse. Muna kallo, naman jikinsa ya taso ta gefe biyu a hankali, ya lulluɓe ɓawon ruf, kamar mace ta ja mayafi. Hasken ruwan yana rawa a fuskar Hajiya. Na ce mata a hankali wannan lulluɓin ne ke sa shi sheƙi, kuma irinsa daga tsibiran tekun Indiya aka riƙa kawo su ƙasarmu.

Ta matso kusa da gilashin.

"Ashe rai gare shi," ta ce. "Mu muna zaton dutse ne. Ashe baƙo Inna ta riƙe duk shekarun nan." Ta kalli nata. "To, ni ba na kulle baƙo a durowa. Gaya wa madam ta riƙe dokarta."

Ta ƙulle shi ta tafi da abinta.

Ku sabbin ma'aikata da za ku zauna a teburin karɓar ɓawon nan, ku riƙe ƙa'ida, tana da amfani. Amma ku kula da kalmar da za ku faɗe ta da ita. Mu tekun muke tambaya. Mai kawowa kuwa, hannun da ya ba shi yake tunawa.