Akushin Ƙullutun Erabul

A gidanmu na Matamaye tatsuniya tana da tsari. Sai an ci tuwo, an wanke hannu, an ɗaure awaki, sannan kakata Inna Dije ta jawo kujerarta bakin murhu. Wanda bai wanke hannu ba, ba ya zama. Mijinta masassaƙi ne, ya rasu kafin a haife ni, amma akusansa baƙaƙe suna kife a kan rumfa, kuma rabin tatsuniyoyinta na itace ne.

"Ku matso," takan ce, "ga ta ta iso, ƙafarta duk ƙura."

Mu ce, "Ta zauna mu ji."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta iskoki biyu. Iskar gabas da ta yamma suka yi faɗa a kan wacce za ta kawo ruwan sama. Suna kokawa suka faɗa cikin wani marke, icen ya rufe a kansu, wurin ya kumbura ya zama ƙullutu. Wani masassaƙi ya sare shi. Tun bai kai gida ba ya biya kasuwa yana shela, wai ranar bikin ɗan mai gari a akushinsa za a ci tuwo. Matarsa ta ce ya binne ƙullutun cikin sassaƙensa har iskokin su gaji su yi barci. Ya ce biki ba ya jira. Ya fafe shi ɗanye, ya gasa a bakin wuta. Ranar biki aka zuba miya da zafinta, iskokin suka farka, kowace ta ja nata gefen.

"Tas!" Inna ta tafa hannu. "Miya a cinyar mai gari! Kai Sani, rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Yanzu na haura hamsin. Ina zaune a Minguettes, kusa da Lyon, aikina sare itatuwan bakin titi. Ƴata Rabi tana aure a Paris, tana auren ɗan wani Alhaji mai kantuna wajen Porte de la Chapelle. Mutanen kirki ne, sai dai duk abin da zan iya kai musu suna da shi jibge a kwali.

Bara da sanyi muka kayar da wani tsohon ice da ake kira erabul, a gindinsa ƙullutu kamar tulu. Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya ce in ɗauka. Rabi kuwa tana da tsohon ciki. Ranar na buga wa surukinta waya.

"Alhaji, ranar suna kada a nemi kwano. Ni zan kawo akushi, aikin hannuna."

"Madalla, Malam Sani! Kowa zai ji."

Na san tsarin aikin, na koye shi a wani wurin sana'a na kartiyenmu, wato unguwarmu. Da farko a raba ƙullutun da zarto. Na biyu a ɗaura shi a injin da ke juya ice, a fafe, a bar masa kauri. Na uku a shafe shi da kaki, a sa a buhun takarda tare da sassaƙensa, a manta da shi watanni, domin jijiyar ƙullutu ba ta bin hanya ɗaya, kowane gefe da irin bushewarsa. Sai daga baya a mayar da shi kan inji a sirantar.

Na gama na biyu, ruwan icen yana fantsamo mini a fuska, sai Rabi ta haihu, namiji. Suna ba ya matsawa. Na sirantar da akushin zama ɗaya, na ɗora shi a kan shofaj, ƙarfen ɗumama ɗaki, na shafe shi da man gyaɗa. Ya yi kyau, ɗigo-ɗigo kamar gashin zabo.

Ranar suna falo ya cika da maza. Alhaji ya ɗaga akushin sama. "Ku gani, surukina ba ya zuwa kanti!" Aka kai ciki, Hajiya matar Alhaji ta zubo tuwon shinkafa da miyar taushe. Bai yi tas irin na Inna ba. Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinke. Sai miya ta biyo ta ƙasa, ta malala a kafet, ta taɓa farar shaddar Alhaji.

Wani matashi ya ce mini, "Tonton, babu garanti?" Aka daka masa tsawa. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

"Ba komai, ba komai," in ji Alhaji. "A kawo roba."

A roba muka ci.

A jirgin ƙasa na komawa Lyon na yi ta juya tatsuniyar. Tun ina yaro na ɗauka maganar gaggawa ce, na kuma ɗauka ba da ni ake ba, tunda ni ba na tsallake mataki. Ashe masassaƙin nan a kasuwa ya fasa akushinsa, ba a wurin biki ba. Tun kafin suna ina iya kiran Alhaji in ce icen bai bushe ba. Na fi tsoron in shiga gidan nan da kayan jarirai irin na kowa.

Rabin ƙullutun da ya rage yana cikin buhu a ɗakin ajiya na ƙasan bene, na fafe shi da kauri, na shafe da kaki. Jiya Rabi ta kira.

"Papa, Hajiya ta ce wai za ka yi wani?"

Na ce, "Yaya yaron? Ya fara zama?"