Talatar Egya Ekow

Egya Ekow Bentsil ya tsufa a unguwar Fanti, masuntan Gana, da ke garin Buchanan, amma in ya buɗe baki sai ka rantse jiya ya sauka daga Gana. Yana saurayi ya zo Laberiya, ya ja tarun kawunsa har tafin hannunsa ya koma kamar fatar ganga, kafin ya mallaki kwalekwalen kansa, dogo mai jan fenti da inji a baya. Matarsa Maame Ekua ke bandar abin da ya kamo. Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi rabon mutum uku. Yaƙi ya zo ya lafa ya sake tashi, shi ko a jikinsa. Cewa yake masu bindiga tashar jiragen dakon katako suke nema, ina ruwan biri da gada.

A daminar ƙarshe ta yaƙin 'yan tawaye suka kama garin, ranar wata Litinin. Kafin la'asar sauran masunta sun loda iyali da tukwane a kwalekwale sun tsere ta teku. Ekow bai bi su ba, don kwaltar da ya liƙe tsagar kwalekwalen da ita ba ta bushe ba. Ya ce sai gobe. Da gari ya waye ya tuna goben nan Talata ce, ranar hutun teku, ranar da Bafante ba ya shiga ruwa.

Ekua ta yi magiya, ta yi faɗa, ta ɗaure kaya ta kwance. Ta tuna masa cewa kakannin da suka kafa dokar ba su taɓa jin ƙarar roka ba. Shi dai yana gindin kwakwa yana ɗinkin taru, wai baƙin nan jiya suka zo, teku kuwa da shi za a zauna har mutuwa.

"To, Egya," in ji ta, "in sun iso sai ka gaya musu Talata ce, su ma su huta."

Da hantsi suka iso, samari cikin silifas, babbansu da hular gashin mata a kai. Yunwa ce ta koro su, kuma kwalekwalensa kaɗai ya rage a bakin ruwa. Ekow ya gargaɗe su tsakaninsa da Allah cewa wanda ya shiga yau ba ya dawowa. Mai hular gashin ya yi dariya.

"Tsoho, harsashi ma bai ci mu ba, sai ruwan gishiri?"

Suka tura kwalekwalen, suka haɗa da tarun da ke hannunsa. Wuni Ekow ya yi a tsaye yana kallon ruwa. Abin da ke ransa ba na faɗi ba ne: so yake teku ya kife da su, ko da kwalekwalen zai tafi tare, in dai a ga gaskiyarsa. Teku kuwa ya kwanta luf kamar ruwan randa.

Da yamma suka dawo da kifi har baki, kamun da shi bai yi irinsa ba duk daminar. Mai hular gashin ya jefo masa biyu kan yashi, suka wuce da kwalekwalen cikin tasha, kuma Ekow bai sake taka shi ba. Ekua ta tsince kifin ta gasa, don babu komai a gidan. Ekow ya ce bakinsa ba zai taɓa kamun Talata ba. Ta rufe masa nasa a kwano. Da safiyar Laraba ya buɗe ya cinye.