Bisa Buƙatarsa

A ƙasar da na yi karatu, malamai sun sha faɗa mana cewa ba hawa sama kaɗai ke girmar da ma'aikaci ba. Wai in ya zaga sassa daban-daban a mataki ɗaya, ranar da babbar kujera ta samu shi za a nema. Na rubuta haka a jarrabawa na ci, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Da na dawo Lome sai na kai maganar wurin maƙwabcinmu Fo Sename Agbeko, don shi ya aikata abin da mu muka karanta. Ga labarin da ya ba ni.

Fo Sename ya fara aiki a siton wani kamfanin shigo da atamfa. A shekararsa ta huɗu, maigidansa Misye Tetevi ya kira shi ofis.

"Sename, kanka ya fi ƙarfin ƙirga dila. Wanda ya san kowane ɗaki, shi ake ba makullin gida. Ka koma tashar jiragen ruwa ka koyi aikin kwastan."

"Muƙami fa, maigida?"

"Yana nan yadda yake. Amma ka rubuta da hannunka cewa kai ka nema, manya su ga himmarka."

Ya rubuta, har da gode wa maigida. Bayan shekara huɗu aka sake kiransa, ya sake rubutawa ya koma kantin babbar kasuwa. Daga nan sashen motoci, daga nan sashen odar kaya. Shekara ashirin, sassa biyar, bai hau ko taki ɗaya ba. Abokan aiki suka laƙaba masa Agala, wato ƙaguwa, mai tafiya a kaikaice.

Wata abokiyar aikinsa da ake kira Da Mawusi ce ta fi kowa tsokanarsa. Ita tun da ta zo take buga hatimi a tebur ɗaya. In suna cin akume, wato tuwon masara, da rana, sai ta tsamo ƙaguwa daga miya ta ɗaga sama.

"Fo, ga ɗan'uwanka, ku yi sallama kafin in tauna shi."

"Ke dai ci gaba da zama, Da, har kujerar nan ta haifa miki jikoki."

Bai taɓa jin haushi ba, don ya san abin da yake tarawa. In kwantena ta maƙale a tasha, shi ake aikawa. In babbar 'yar kasuwa ta yi fushi ta mayar da kaya, shi ya san launin da ke sanyaya mata rai. Direba bai isa ya yi masa ƙaryar lalacewar mota ba.

Da kujerar shugaban ayyuka ta samu, ko masu gadi sun san ta wane ce. Matarsa Afiwa ta sayi akuya ta ɗaure a tsakar gida. Shi kuwa ya ɗinka kwat, ya shiga gaban kwamiti.

Ba a yi masa tambaya ko ɗaya ba. Sakatare ya buɗe littafin dokokin kamfani ya karanta: mai neman kujerar sai ya yi shekara biyar a jere a sashe ɗaya. In kamfani ya ɗauke mutum, shekarunsa na bin sa. In kuwa an ɗauke shi bisa buƙatarsa, ƙidaya ta koma farko. Sai ya jera takardu huɗu a kan tebur, duka da rubutun hannun Fo Sename.

Fo Sename ya juya ya dubi Misye Tetevi. Maigida na goge tabarau da gefen riga.

"Ai kai ka ce in rubuta, maigida."

"Na ce ka rubuta, ban ce kada ka karanta doka ba."

Aka ba Da Mawusi kujerar. Ba ta taɓa taka tashar jiragen ruwa ba. Ranar walimarta ta aika gidansa a tambaya ko za su sayar mata da akuyar, tun da ba su da abin yi da ita. Afiwa ta kori ɗan aiken da tsintsiya.

Sati biyu bayan haka kwantena uku suka maƙale, kasuwa ta ɗauki ihu. Misye Tetevi ya kira Fo Sename, ya ce sabuwar shugaba na buƙatar mai sanin aiki kusa da ita. Za a sa masa ƙaramin tebur a bakin ƙofarta, muƙami yana nan yadda yake. Ya turo masa farar takarda da biro.

A nan na katse shi. Na ce, "Fo, ka rubuta?"

Sai ya ce:

"Saura shekara huɗu in yi ritaya, ƙanena. Ko a ina na zauna, biyar ba za ta cika ba. Na rubuta."