Katafilar da Ta Yi Ɗingishi a Bakin Jinga

Wata Laraba ce a daminar 1998, ina ɗan shekara goma sha uku, katafilar da Baba ke tuƙawa ta fara ɗingishi a gaban rabin mutanen Gashuwa. Irin mai dogon hannu da bokiti ce, mai tafiya a kan sarƙa. Wani ɗan kwangila ne ya kawo ta don ta ɗaga jingar da ke tare kogi daga unguwarmu. Saura giɓi ɗaya a toshe, kogi kuwa kullum ƙara cika yake. Baba ya tura ta gaba, ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta ce ba da ita ba. Sai ƙatuwar abar nan ta riƙa juyawa wuri ɗaya kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa, tana wani gurnani da na rantse har Nguru an ji. Yara suka yi ta shewa. Ni ban yi ba, don na san abin da na aikata.

A lokacin nan, ko tulu iska ta kayar a unguwa, sunana ake fara kira. Aikina a gida shi ne kula da jakinmu, Gwamna. Ni ke ɗebo ruwa da shi kafin makaranta, ni ke kai taki gonar gero, da yamma mu yi tseren jakuna da abokaina. Mangala ta ci masa baya har ya yi gyambo, ƙudajen garin kaf suka tare a kansa. Kowa ya san baƙin mai ne maganin wannan, amma da na je roƙa, masu gyaran babur suka kore ni, wai sun san halina. Ranar Juma'a ana masallaci na ɗauki sifanar Baba, na kwance notin da ke cibiyar ƙafar hagu ta katafilar, inda na taɓa ganin yana duba mai. Na cika gwangwanin madara taf. Sai na ji tari a bayan jinga, na murɗa notin da yatsa kawai na ranta a na kare. Kwana biyar katafila ta yi tana aiki a cikin taɓo da notin nan a haka.

Mutane suka ce aljanin kogi ne ya riƙe mata ƙafa, har an fara neman baƙin bunsuru. Baba ya aika Nguru aka ɗauko Ba Modu, wani tsohon bakanike mai yatsu kamar itacen girki. Bai kula kowa ba. Ya sa aka kankare taɓon da ya cushe sarƙar, ya duba ko ta yi tauri da yawa, babu laifi. Ya sa Baba ya dafa ƙasa da bokiti ya ɗaga gefe ɗaya sama, ya ɗaura jan ƙyalle a sarƙar, yana duba agogo. Ta dama ta zagayo sau uku, ta hagu da ƙyar ta yi ɗaya. Ya musanya tiyoyin da ke kai wa ƙafafun mai daga famfo, aka sake gwadawa, hagun dai ce. "Ciwon da bai bi tiyo ba, a ƙafa yake zaune," in ji shi. Ya dafa cibiyar, ya janye hannu da sauri don zafi. Ya taɓa notin, ya juya a yatsunsa ba sifana. Maimakon mai, ruwan taɓo ne ya tsiyayo, da garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Haƙoran giyar ƙafar, wato ƙarafan da ke juya sarƙar, sun cinye juna.

"Malam Isa, yaushe rabonka da duba nan?" Ba Modu ya tambayi Baba.

Baba ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Ba Modu. Sauri ya sa ban duba ba."

Ina tsaye kusa da shi, na bar shi ya ɗauki laifin. Aka ce sai an sayo giyar daga Kano, kwana huɗu. Maza da mata muka koma cika buhuna da yashi muna jerawa a giɓin, har kakata tana ɗiba da ƙwarya. A rana ta uku, bayan la'asar, ruwa ya ture buhunan kamar ba a jera komai ba. Katangun ƙasa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin Inna ya faɗi, rumbunmu ya jiƙe, awakin maƙwabta biyu suka tafi. Ɗan kwangila ya sallami Baba a gaban jama'a.

Muna kwashe kaya zuwa makarantar firamare, inda muka yi wata biyu a aji ɗaya da iyalai uku, Baba ya ɗaga buhu zai aza wa Gwamna. Ya tsaya. Ya shafa bayan jakin, ya shinshina yatsunsa. Man giya warinsa daban yake da na babur, ya fi kowa sani. Na rufe ido ina jiran marin da zai kai ni har garin Jakusko.

"Gyambon dai ya warke," ya ce, ya aza buhun.

Bai sake hawa katafila ba. Ya ƙare rayuwarsa yana jan a-kori-kura zuwa kasuwannin ƙauye, mutane na kiransa direban da ya bar ruwa ya ci unguwa, bai taɓa musa musu ba. Yanzu gidajen wajen duk na bulo ne, yaran da ke wasa a kan jingar ba su san an taɓa yin giɓi a wurin ba. Na sha duka a ƙuruciya fiye da ganga, duk na manta zafinsu. Wanda ba a yi mini ba ne har yau yake mini ciwo.